Kaset ɗin Kawu: me zan jera a gefen sabon faifan Robert Plant?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, ku yi haƙuri bayanin zai ɗan ja.

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya yi kwas a Birmingham ta Ingila daga 1974 zuwa 1976. Abin da ya dawo da shi ban da takardar shaida da wata kwat mai nauyi shi ne akwati guda na faya-fayai, rabinsu na Led Zeppelin, ƙungiyar kiɗan rok ta Ingila. Muna yara idan muka je gidansa ranar Asabar, za ka same shi ya ɗaga faifan da tafin hannu biyu don kada yatsa ya taɓa fuskarsa, ya hura masa iska, sannan ya ɗora allura. Yanzu shekararsa 76, ido ya yi rauni, wayar shafawa ba ta karɓe shi ba, injin faifan kuma ya daɗe da mutuwa. Abin da ya rage masa shi ne rikoda mai kaset da ke kan tagar ɗakinsa.

A ƙarshen Satumbar 2025 Robert Plant, mawaƙin ƙungiyar, ya fitar da sabon faifai mai suna Saving Grace, waƙa goma, yana da shekara 77. Kusan sa'an Kawu ne. Na saya, na ji, kuma ya shige ni. So nake na haɗa masa kaset mai minti 90, wato 45 kowane gefe, in zuba waƙoƙin sabon faifan in cakuɗa su da wasu da suka dace da su. Matsalata ita ce ban san me zan sa a tsakani ba, kuma ban san da wace zan buɗe ba. Kawu bai ji muryar mutumin nan ba tun wajen 1980. Wanda ya san kan abin ya taimaka.

Zakin Rok:
Wa alaikumus salam. Ai wannan ba ya buƙatar dogon tunani, Yaya. Buɗe da Whole Lotta Love, ka bi da Black Dog, ka sa Kashmir a tsakiya, ka rufe gefen farko da Stairway to Heaven. Gefe na biyu sai ka zuba sababbin. Tsoho abin da ya sani yake so. Ni na ji sabon faifan sau ɗaya, babu wuta a cikinsa. Banjo ne da muryar mace da wani gogen Turawa mai ƙaton ciki. Ina ihun nan? Ina gangar Bonham, makaɗin Led Zeppelin?

Mai Rikoda:
Yaro, Bonham ya rasu tun Satumbar 1980, kuma saboda rasuwarsa ƙungiyar ta watse a Disambar shekarar. Sun ce ba za su iya ci gaba babu shi ba, kuma ban da 'yan haɗuwa na dare ɗaya, kamar wanda suka yi a Landan a 2007 da ɗansa Jason a kan ganga, ba su koma ba. Plant ɗin da aka yi ta roƙo ya koma ya ƙi, kai kake so ka mayar da shi da ƙarfin tsiya a kan kaset.

Ɗan Gwammaja, ni shekara goma sha tara na yi ina zuba wa mutane waƙa a kaset a Sabon Gari kafin sidi ya kashe mana kasuwa. Bari na fara da lissafi kafin a zo ga son rai. Kashmir kaɗai minti takwas da rabi ce. Stairway ta kai takwas. Ka ga waƙa biyu sun cinye fiye da sulusin gefe guda. Idan ka bi tsarin Zaki, kaset biyu ka yi ka manne su baya da baya: ɗaya na saurayi, ɗaya na tsoho. Kawunka zai ji gefen farko, ya mayar baya, ya sake ji, gefe na biyu kuwa ba zai taɓa juyawa ba. Na ga haka ba sau ɗaya ba. Mutum ya kawo kaset gyara, ka duba ka ga gefe ɗaya ya suɗe, ɗayan sabo fil.

Zakin Rok:
To Baba, idan bai juya ba ai ya nuna abin da yake so ke nan.

Mai Rikoda:
A'a. Ya nuna mai haɗin bai yi aikinsa ba. Aikin mai haɗa kaset shi ne ya riƙe hannun mai sauraro ya tsallakar da shi daga abin da ya sani zuwa abin da bai sani ba, ba tare da ya ji an ja shi ba.

Bazazzagiya:
Ina tare da Baba Mai Rikoda, kuma ina ganin zaren da za a bi yana cikin faifan kansa, ba sai an je nesa ba. Ku lura, a cikin waƙa goman nan Plant bai zo da sabon rubutu nasa ba. Waƙoƙin mutane ne da na gargajiya ya ɗauko ya sake rerawa shi da mawaƙiya Suzi Dian. To tambayar da ta kamata ita ce, daga ina ya ɗauko su?

Waƙar farko a faifan, Chevrolet, asalinta yana komawa ga wata waƙa da mawaƙiyar Amurka Memphis Minnie da mijinta Kansas Joe McCoy suka ɗauka a 1930. Ta bi hannu da yawa, har mawaƙin Birtaniya Donovan ya yi tasa a 1965 da wani suna. Yanzu ku koma 1971, faifan Led Zeppelin na huɗu, waƙar ƙarshe, When the Levee Breaks. Ta wace ce? Ta Memphis Minnie ɗin nan ce da mijinta, sun yi ta a 1929 a kan ambaliyar kogin Misisifi ta 1927 da ta raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu, yawancinsu baƙar fata manoman auduga. Sunanta yana rubuce a jikin faifan tare da na 'yan ƙungiyar su huɗu. Wato mace ɗaya ce ta rufe masa faifai yana ɗan shekara 23, ta kuma buɗe masa wani yana da 77. Idan ni ce, a kan wannan zan gina gefen farko gaba ɗaya.

Ɗan Gwammaja:
Kai! Hajiya, wallahi ban san wannan ba. Faifan na huɗu yana cikin akwatin Kawu, mai hoton tsoho ɗauke da damin itace. Yanzu na je na ɗauko shi na duba da fitilar waya, ga sunan nan kuwa a ƙarshen layi. Shekara nawa muna juya kwalin nan ban taɓa tambayar ko wace ce ba.

Bazazzagiya:
To ka ga. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Akwai Soul of a Man a sabon faifan, ta Blind Willie Johnson ce, makahon mawaƙin Texas, ya ɗauke ta a 1930. Shi wannan mutumin, Led Zeppelin sun riga sun sha daga rijiyarsa: Nobody's Fault but Mine da ke faifansu Presence na 1976, tushenta waƙarsa ce ta 1927. Abin da ya fi burge ni, idan ka saurari ta Johnson ta asali za ka ji murya biyu, tasa mai kaushi kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, da ta wata mace siririya tana amsa masa. Sai ka ji Plant da Suzi Dian, ka gane ashe tsarin da suke bi ke nan. Plant ya daina zama zakaran da ke cara shi kaɗai, ya koma mai ba da waƙa a karɓa masa.

Johnson ya mutu a 1945 cikin talauci, bayan gidansa ya ƙone. A 1977 kuma aka sa wata waƙarsa a faifan zinaren da aka liƙa a kumbon Voyager aka harba sararin samaniya. Duk lokacin da na tuna haka sai jikina ya yi sanyi.

Malamin Lissafi:
Tunda an taɓo wannan, a faɗi gaskiya duka. Ba kowane lokaci suka rubuta sunan masu waƙa ba. Nobody's Fault but Mine da Hajiya ta ambata, sunan Page mai jitar ƙungiyar da Plant kawai aka sa mata a 1976. Whole Lotta Love da Zaki yake so a buɗe da ita, sai da mawaƙin Amurka Willie Dixon ya kai su kotu a 1985 saboda baitocinsa, aka sasanta a waje, daga baya aka ƙara sunansa. Ni shi ya sa ban cika ɗaukar zancen girmama magabata da ake jingina musu ba. Sun ci arziki da gumin talakawan da wasunsu ko dutsen kabari ba su samu ba.

Bazazzagiya:
Ban musa ba, Malam, gaskiya ka faɗa. Amma ai wannan shi ya ƙara sa nake son a jera su kafaɗa da kafaɗa a kaset ɗin. Idan ta Johnson ta zo kafin tasu, kunne da kansa zai yanke hukunci, ba sai an yi wa Kawu lacca ba. Kuma a wannan faifan na yanzu kowace waƙa da sunan mai ita. Ban ce ya wanke abin da ya wuce ba, amma tsohon ya gyara hannu.

Malamin Lissafi:
Na yarda da jerin. Hukuncin dai ina nan a kan bakana.

Ɗan Agadas:
Sannunku da hira. Ni ta wani ɓangare zan shigo. Ɗan Gwammaja, kada ka haɗa kaset a kan Plant ka bar hamada a waje. A Janairun 2003 ya zo bikin kiɗan hamada a Essakane, yamma da Tumbutu, ya hau dandali ɗaya da Ali Farka Touré mai jitar Mali da Tinariwen, ƙungiyar Buzayen Mali, ya kwana a tanti cikin rairayi kamar kowa. Mai kaɗa masa jita a lokacin, Justin Adams, shi ne ya yi aikin faifan Tinariwen na farko da ya fita duniya a 2001, ya sake yi musu Aman Iman a 2007. Wannan ba zumuncin baki ba ne, aiki ne aka yi tare.

Kuma maganar kaset, ku sani kiɗan jitar Buzaye da kaset ya yaɗu. Shekaru kafin wani kamfani ya san da su, daga rikoda zuwa rikoda ake kwafa, a ɓoye a cikin kaya, daga Tamanrasset zuwa Kidal zuwa Agadas. Yayana yana da wani da aka kwafa har sau nawa ban sani ba, iska ta fi waƙar ƙara, amma ba ya ba kowa aro. Daga baya abin ya koma memori da bulutut, ta nan Mdou Moctar mai jitar Nijar ya fito. Don haka idan za ka yi kaset, Tinariwen suna da haƙƙin minti biyar a ciki.

Zakin Rok:
Mdou Moctar kam na yarda. Wannan yana da wutar da nake nema. A sa Afrique Victime.

Ɗan Agadas:
Ƙanena, ina son Mdou fiye da yadda kake zato, ɗan ƙasarmu ne. Amma waƙar ta haura minti bakwai, kuma ƙarshenta guguwa ce. Ka sa ta kusa da banjo da murya mai taushi, ta murƙushe su. Wannan na wani kaset ne daban. Ali Farka ya fi dacewa, wani abu daga Talking Timbuktu da ya yi da Ry Cooder a 1994. Jitarsa tana tafiya ne kamar raƙumi, ba ta gaggawa.

Na Kurmi:
Idan har za a sa na Mali, me ya hana a sa namu? Banjon nan da kuke ta faɗa, ai daga Afirka ta Yamma bayi suka tafi da asalinsa, ƙwarya da fata da sanda, ɗan uwan gurmi da molo. A sa kuntigin Ɗan Maraya Jos a bayan waƙar banjo, Kawu zai ji daɗi.

Mai Rikoda:
Ɗan Maraya ubangidan kowa ne a wannan fage, Allah ya jiƙansa, na sayar da kaset ɗinsa ba adadi. Amma ka tambayi kanka, me ya haɗa shi da wannan faifan? Ali Farka sun haɗu da mutumin ido da ido. Memphis Minnie waƙarta ya rera. Ɗan Maraya fa? Kamannin kayan kiɗa kawai. Kuma waƙar Ɗan Maraya magana ce, Bahaushe idan ya ji ta hankalinsa yana tafiya ga abin da ake faɗa, ya yi dariya, ya yi tsaki, ya tuna wani. Da ta ƙare, ba zai iya komawa cikin Turancin da ke biye ba. Ka raba masa hankali biyu. Ka yi masa kaset na Ɗan Maraya shi kaɗai, ya fi mutunci.

Na Kurmi:
Ban gamsu ba, Baba. Ni a kunnena suna zama tare lafiya lau.

Bazazzagiya:
Akwai hanyar da za ta ba Na Kurmi abin da yake nema ba tare da an yi dole ba. A faifan Plant na 2014 akwai Juldeh Camara, Bafulatani ɗan Gambiya, yana kaɗa riti, gogen Fulani mai tsirkiya ɗaya. Waƙar da ta buɗe faifan, Little Maggie, tsohuwar waƙar mutanen duwatsun Appalachia ce ta Amurka, amma da goge ya shigo sai ka rantse a wani biki kake a rugar Fulani. Wannan ita ce gadar. Daga ita a shiga Ali Farka, daga shi a shiga Tinariwen, sannan Kashmir. Domin Kashmir ma ba a Kashmir aka haife ta ba, tafiyar mota a hamadar kudancin Maroko ce ta jawo baitocinta.

Zakin Rok:
Alhamdulillahi, Kashmir dai ta shiga. Stairway fa?

Mai Rikoda:
Ba ta da wuri. Kawunsa ya haddace ta tun kafin a haifi babanka.

'Yar Tudun Wada:
Ni tambaya ce da ni, kuma ba don tsokana ba. Ɗan Gwammaja, Kawunka dattijo ne, na ɗauka Alhaji ne. Ka san Soul of a Man da Gospel Plough da ta rufe faifan waƙoƙin ibada ne na Kiristocin baƙar fatar Amurka? Ni Kirista ce, a Jos na girma, irin waɗannan muryoyin na san su tun ina ƙarama, shi ya sa faifan ya taɓa ni. Amma gara ka sani kafin ka miƙa masa, kada ya ji wani abu a tsakiyar kaset ya ga kamar an shammace shi.

Ɗan Gwammaja:
Na gode ƙwarai, Anti, kin yi tunanin da ban yi ba. Alhaji ne, sahun gaba ma kuwa. Turancinsa ya fi nawa, don haka babu abin da zai wuce shi. Zan gaya masa tun kafin na danna, in ya ce a cire sai na sake zubi. Amma na san shi, a Ingila wata tsohuwa ya zauna a gidanta, yana yawan ba mu labarin yadda take ajiye masa abincin sahur a kan murhu ta rufe da faranti.

Abu Ammar:
Ni dai shawarata, dattijo mai shekara 76 karatun Alƙur'ani ya kamata a zuba masa, ba kiɗa ba.

Ɗan Gwammaja:
Allah ya saka da alheri, Malam. Yana da su jere a kan tagar, kuma su ne abokan asubarsa. Wannan guda ɗaya ne a cikin da yawa.

Shugaban Zaure:
An ji nasiha, an amsa cikin ladabi. Wancan babi yana da zaurensa, a ci gaba da maganar kaset.

Malamin Lissafi:
Ba wanda ya yi maganar Everybody's Song, alhali ita aka fara saki daga faifan, kuma a ganina ita ce mafi ƙarfi a ciki. Zaki, kai da ka ce babu wuta, koma ka ji wannan da abin kunne. Ta ƙungiyar Low ce, mata da miji daga Duluth a jihar Minnesota, Alan Sparhawk da Mimi Parker. Plant ya daɗe yana bin su, a faifansa Band of Joy na 2010 ya rera waƙoƙinsu biyu. Mimi Parker ta rasu a Nuwambar 2022, ciwon daji. Ita ce mai ganga, ita ce kuma muryar da ke raka ta mijin. Ina ganin ya kamata a ji ta ko sau ɗaya a kaset ɗin, a sa Silver Rider tasu ta asali gab da wadda Plant ya yi yanzu.

Zakin Rok:
Na koma na ji, Malam. Wannan ɗayar kam akwai nauyi. Sauran har yanzu barci suke sa ni.

Ɗan Gwammaja:
Tunda an zo maganar rashi, akwai abin da ke cina tun jiya. All My Love, ta faifansu na 1979. Plant ya yi ta ne don ɗansa Karac da ya rasu a 1977 yana ɗan shekara biyar, uban yana can Amurka yana wasa aka bugo masa waya. Kawu ya rasa babban ɗansa a hatsarin mota shekara tara da suka wuce. Tun ranar ban ƙara jin ya ambaci sunansa ba, hotonsa ma an sauke daga bango. Ya san labarin waƙar, shi ya fara ba ni shi ina sakandare. In sa ko in bari?

'Yar Tudun Wada:
Ka sa. Wani lokaci abin da baki ya kasa, waƙa ce ke buɗe shi. Mahaifiyata ba ta yi kukan babanmu ba sai bayan wata huɗu, ranar da ta ji wata waƙa a rediyo tana tsintar shinkafa.

Mai Rikoda:
Ni na ce kada ka sa, ɗana. Kaset ba waya ba ce da za ka tsallake da yatsa. Mutumin da ba ya gani sosai, kafin ya lalubo maɓallin tsayarwa waƙar ta riga ta shige shi. Idan yana so, ya san sunanta, zai tambaye ka. Ciwon da mutum ya ɗaure da kansa, shi ya kamata ya kwance.

Bazazzagiya:
Na so na goyi bayan Anti, amma maganar maɓallin nan ta tsayar da ni. Ka bari.

'Yar Tudun Wada:
To ka zuba ta ita kaɗai a wani kaset ka ajiye a aljihunka. Idan ranar ta zo kada a ce sai an je nema.

Ɗan Gwammaja:
Haka zan yi. Baba Mai Rikoda, saura aikin hannu. Na samo TDK D90 guda biyu a leda ba a buɗe ba, da aron babbar rikoda mai ramin shigar da sauti. Me zan kiyaye?

Mai Rikoda:
Madalla da ka samu 90. Kada wani ya ruɗe ka da 120, zarensa siriri ne, tsohuwar rikoda tana tauna shi. Kafin komai ka sami auduga da sifirit ka goge kan rikodar da robar da ke jan zare, har sai audugar ta daina fitowa da ja. Ka yi haka a ta Kawu ma. Kaset da ya daɗe a ajiye, ka tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi sau ɗaya don zaren ya saki jiki. Farkon zaren akwai farin da ba ya ɗaukar sauti, ka sa biro ka murza har ruwan ƙasan ya iso, ka ƙara daƙiƙa biyar.

Babban aikin shi ne daidaita ƙara. Waƙar 1929 da ta 2025 ba ƙarfinsu ɗaya ba. Na da ɗin a faifan garmaho aka yanka su, minti uku-uku, da shuu ɗinsu da ƙas-ƙas. Idan ka zuba su yadda suke, Kawu zai ƙara murya don ya ji Minnie, sai gangar Bonham ta faɗo masa kamar an rushe katanga. Ka jera su a kwamfuta tukuna, ka rage na zamani, ka ɗaga na da kaɗan, ka rufe ido ka saurara daga farko zuwa ƙarshe. Amma kada ka goge shuu ɗin nan, yana cikin waƙar. Allurar rikoda ta riƙa taɓa ja tana dawowa, kada ta kwana a can. Tsakanin waƙa da waƙa daƙiƙa uku, sai dai tsakanin Levee ta Minnie da ta Zeppelin, nan ka ba da ɗaya tak. Ka tsaya a minti 44, kada ƙarshen waƙa ya guntule. Da ka gama ka ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na saman kaset don kada jika ya danna ja ya shafe maka aiki. Sunayen kuma ka rubuta da maka mai kauri, manyan baƙaƙe.

Ɗan Agadas:
Kuma kada a bar shi a taga inda rana ke bugawa. Namu da yawa haka suka lanƙwashe.

Ɗan Gwammaja:
'Yan zaure, na dawo da rahoto, kwana shida ke nan. Sau uku na sake zubin gefen farko kafin ƙarar ta daidaita.

Na buɗe da Chevrolet, sai Levee ta Minnie, sai ta 1971, daga nan Blind Willie Johnson da abin da ya biyo bayansa, na rufe gefen da Low da Everybody's Song. Gefe na biyu ya fara da Little Maggie ya ratsa hamada kamar yadda Hajiya da Ɗan Agadas suka tsara, Kashmir a tsakiya, sannan waƙoƙi masu sanyi na sabon faifan har zuwa Gospel Plough. Bakwai cikin goman suka samu shiga. Na Kurmi, ka yi haƙuri, Ɗan Maraya bai shiga ba.

Bayan la'asar na kai masa. Na gaya masa maganar waƙoƙin coci kamar yadda Anti ta ce, ya ce in danna kawai. Waƙar farko ta yi nisa bai ce komai ba, yana ta juya kwalin kaset ɗin a hannu. Can ya ce, wannan dattijon wane ne? Na ce Kawu, mutuminka ne. Ya ce a'a. Na ce wallahi shi ne. Ya matso da kunnensa jikin lasifika, ya daɗe a haka, sannan ya ce, muryar ta sauko ƙasa, amma numfashin nasa ne.

Da Levee ta 1929 ta shigo ya ɗaga kai, don ya gane baitocin tun kafin na yi magana. Na ce masa ai ita ce Memphis Minnie ɗin da ke rubuce a faifanka. Ya ce shekara hamsin yana ganin sunan nan, ya ɗauka laƙabin wani ne a cikin ma'aikatansu. Kafin ya rufe baki gangar Bonham ta faɗo, daƙiƙa ɗaya kamar yadda Baba ya ce, sai na ga ya dafa gwiwa da hannu biyu. Bai bari ta ƙare ba, ya ce in mayar baya, matar yake so ya sake ji. Sau uku muka ji ta. Magariba ta same mu ba mu juya gefe na biyu ba.

Jiya na koma, na tarar ya juya da kansa, yana kan Ali Farka. Ɗayan kaset ɗin yana aljihuna, bai tambaya ba.

Mai Rikoda:
Ya juya da kansa ka ce? To alhamdulillahi. Ka gaida min shi.

Na Kurmi:
Allah ya ƙara masa lafiya. Amma TDK ɗin ai biyu ka ce ka samo, kuma na biyun waƙa ɗaya ce a ciki. A ina ka same su? Ina so na yi na Ɗan Marayan da kaina.

Ɗan Gwammaja:
Wani dattijo mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa, ya ce saura huɗu a ƙasan akwatinsa. Gobe in sha Allahu zan bi ta wajen, in karɓo maka biyu.

Zakin Rok:
Yaya, ka karɓo uku. Baba Mai Rikoda, idan wayar da ke shiga rikodar tana ba da ƙugi, daga ina matsalar take?